Yadda Ake Gano Illar Gishiri da Maganin Feshi na Halitta ga Ƙwarin Ruwan Fadama

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga malaman gona, da ɗaliban da ke aikin kammala karatu, da wasu masu kiwon kifi. Idan ƙwarin da ke cikin rafi ko magudanar noman rani sun ragu, ta yaya mutum zai san ko gishirin da ya taru a ruwan ne ya kashe su, ko kuwa maganin feshin nan da ake cewa na halitta ne? Masu tambayar suna da hujja, domin waɗannan ƙananan halittu su ne abincin 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da tsuntsayen fadama, kuma 'ya'yan mazari da buzuzun ruwa suna cin tsutsar sauro. Aikin ba ya buƙatar babban ɗakin bincike, amma yana buƙatar a bi shi daki-daki, kuma gishiri ake fara aunawa kafin a ɗora wa magani laifi.

1. Zaɓen wuraren awo

A zaɓi wuri uku a kan ruwa ɗaya. Na farko ya kasance sama da gonakin, inda ruwan bai riga ya ratsa ta cikin shuka ba. Na biyu shi ne bakin magudanar da ke dawo da ragowar ruwan ban-ruwa cikin rafi, na uku kuma can ƙasa, bayan ruwan biyu sun gauraya. A wuri irin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shiga gonaki ta manyan hanyoyi sannan ya fita ta magudanai, wannan rabo a bayyane yake. A fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuwa, inda ruwan ke bazuwa cikin kacalla, sai an nemi masunci ko sarkin ruwa ya nuna ta ina ruwan yake shigowa da ta ina yake fita.

Dole ne wuraren uku su yi kama da juna a zurfi, da gudun ruwa, da irin ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ɗauki samfurin farko a kan tsakuwa, na biyu kuma a cikin laka, zai samu ƙwari mabambanta ko da babu gishiri ko magani a ruwan, sannan ya koma gida da labarin da ba haka yake ba.

Kafin a taɓa ruwa a gaida mai unguwa da masu gonakin, a bayyana musu abin da ake nufi, sannan a tambaye su abin da suka fesa da ranar da suka fesa shi. A roƙi a ga kwalbar da ido. Manomi zai iya cewa ruwan darbejiya ya fesa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta bai ambaci murfi biyu na maganin kanti da ya ƙara a cikin tankin ba. Idan haka ta faru, wannan gona ba za ta amsa tambayar maganin halitta ba, sai a nemi wata.

A kuma rubuta duk inda gishiri zai iya fitowa: takin zamani da ruwa ya wanke, ƙasa mai farar kumfar kanwa irin ta arewacin Yobe da ƙasar Manga, ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi, ko ruwan majema, kamar yadda ake samu a ƙasan unguwannin masana'antu na Kano, tun da da gishiri ake adana fata kafin a jeme ta.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abin da ba makawa sai an saya shi ne na'urar auna gishirin ruwa, wadda ake rubuta EC a jikinta. Akwai ƙarama mai kama da alƙalami a wurin masu sayar da kayan kiwon kifi da kayan ɗakin gwaji, kuma mai arha daga cikinsu ba ta kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. A tabbata tana nuna awo da µS/cm, kuma an rubuta ATC a jikinta, alamar tana gyara lissafinta bisa zafin ruwa. Tare da ita a sayi kwalbar ruwan daidaitawa mai lamba 1413. Mutane da yawa suna tsallake wannan kwalba don su rage kashe kuɗi, alhali ita ce ke tabbatar da cewa lambar da na'urar ke nunawa ba tatsuniya ba ce.

Sai ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da zinari, da takardar auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da sirinji sabo na mililita 1 da na mililita 50, da sifirit na asibiti don adana samfuri, da gilashin hannu mai ƙara girman abu. Sauran kayan duk na gida ne: farin faranti mai zurfi, cokalin roba, gashin kaza ko burushin fenti mai laushi, bokiti biyu, da kwalaben gilashi masu faɗin baki guda 18, duk girmansu ɗaya. Ragar kamu kuma tela zai ɗinka ta kamar jaka, maƙeri ya lanƙwasa mata baki da rodi, a ɗaura a jikin sanda. Ramukan ragar kada su wuce milimita ɗaya, rabin milimita ya fi.

Gargaɗi: kada a yanki gidan sauro na asibiti a yi raga da shi. An jiƙa zarensa da maganin kashe ƙwari, zai kashe abin da aka kamo tun kafin a kai shi faranti. A sayi yadin raga marar magani a kasuwa. Haka nan bokiti ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta da wuri a wannan aiki, ko da an wanke ta sau goma.

A lissafin kuɗi a sa abin hawa, domin shi ne yake cin mafi yawa. Za a je wurin sau da yawa, kuma wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan na'ura mai tsada ya rasa na mota ya yi asara biyu.

3. Auna gishirin ruwa

Da safe kafin fita a tsoma na'urar cikin ruwan daidaitawa, a gyara ta har ta nuna 1413, sannan a ɗauraye bakinta da tataccen ruwa. Irin wanda ake zubawa a batirin mota yana yi, amma a karanta jikin jarkar da kyau, saboda akwai wanda asid ne, shi ma ruwan batir ake ce masa.

A kowane wuri a auna kafin kowa ya shiga ruwan ya tayar da laka. A tsoma na'urar kamar tsawon yatsa a ƙarƙashin fuskar ruwa, a jira lambar ta tsaya, a rubuta, sannan a sake a gurare biyu na kusa. A rubuta zafin ruwan da pH da ƙarfe nawa ne. Zafi yana ɗaga lambar da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, don haka awon ƙarfe takwas na safe da na azahar ba za su zo ɗaya ba a na'urar da ba ta gyara kanta. Ya fi kyau a tsayar da lokaci ɗaya a riƙa zuwa a cikinsa.

Ga abin da za a riƙa kwatantawa da shi. A awon µS/cm na na'urar, ruwan teku yana kusan 50,000. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki ruwan da bai kai 700 ba a matsayin wanda za a yi ban-ruwa da shi ba tare da fargaba ba, daga 700 zuwa 3,000 sai da lura, abin da ya haura 3,000 kuma matsala ce babba. Amma wannan ma'aunin shuka ne. A shekarar 2011 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da 300 a matsayin iyakar da ke kare ƙwarin rafukan tsaunukan Afalashiya, inda ake haƙar kwal, domin daga nan ne wasu jinsunan suke fara ɓacewa. Ba za a ɗauko wannan lamba a ɗora wa kogin Haɗeja kai tsaye ba, tun da ƙwarin kowane wuri sun saba da ruwan wurinsu, amma tana nuna cewa ruwan da tumatir da albasa ba su ƙi ba yana iya fin ƙarfin wasu ƙwarin.

Dalili kuwa shi ne jinin ƙwaron ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, kuma kullum yana cikin aikin daidaita abin da ke shiga jikinsa da abin da ke fita. Idan gishirin waje ya ƙaru ko ya sauya iri, wannan aiki yana cinye ƙarfin da zai yi girma da shi, sai ya tsumbure, ko ya kasa saɓa, ko ya mutu. Na'urar ba ta faɗin irin gishirin. Ruwa mai 1,000 na gishirin miya da ruwa mai 1,000 na kanwa ba illarsu ɗaya ba, shi ya sa ake haɗawa da pH: idan ya kai 9 ko ya haura da sassafe, a yi zargin kanwa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne awo sau ɗaya. Gishiri yana taruwa ne yayin da rana ke shanye ruwa, don haka lambar watan Disamba da ta watan Afrilu a kududdufi ɗaya suna iya yin nisa da juna ƙwarai, ruwan farko na damina kuma yakan wanko gishirin da ya bushe a kan ƙasa ya zuba shi rafi a kwana ɗaya. A auna duk mako biyu, daga farkon noman rani har ruwa ya sauka.

4. Kamo ƙwarin

A sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Ruwan ban-ruwa gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. Wannan ba wurin nuna jarumtaka ba ne.

A ruwa mai gudu, a kafa bakin ragar a ƙasa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, a tsaya a gabanta ana murza tsakuwa da ƙafa, ruwan zai kwaso abin da ya tashi ya zuba a ragar. A ruwa mai kwanciya kuma, a riƙa share gindin ciyawa da saman laka da ragar. A yi minti uku cif a kowane wuri, wani na riƙe da agogo, kuma mutum ɗaya ne zai yi kamun a wuraren uku, domin hannu ya bambanta. A fara da wurin ƙasa a hauro sama, don kada lakar da aka tayar ta gangara inda ba a riga an yi ba. A ƙarshe a ɗago duwatsu biyar a duba ƙarƙashinsu, akwai masu maƙalewa da ƙafa ba ta ɓamɓaro su.

5. Tantancewa da ƙidaya

A juye abin da ke ragar cikin farin faranti mai ruwan wurin, a kai inuwa, a jira laka ta kwanta. Nan da nan za a ga abubuwa sun fara motsi. A fara kwashe mafarauta da cokali a sa su daban, wato 'ya'yan mazari da buzuzun ruwa da kunamar ruwa, in ba haka ba za su ci sauran kafin a gama ƙirga. Babban ƙwaron nan mai faɗi da hannaye kamar ƙugiya yana da sara mai zafi, kada a kama shi da yatsa.

Ba sai an san sunan kowane jinsi ba. Rukuni shida sun isa:

Masu jela uku, waɗanda jelarsu siririya ce kamar gashi kuma suna da ƙananan fukafukan numfashi jere a gefen ciki. Su ne suka fi kowa rashin jure gishiri, kuma su ne na farko da za a nema. Masu ɗaki a baya, tsutsotsin da ke gina wa kansu kwanso da yashi ko ɓarɓashin ganye. 'Ya'yan mazari. Buzuzun ruwa da danginsu masu hawowa shan iska, waɗanda yawanci suka fi juriya. Jar tsutsar laka, wadda take zama ƙaramin ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Sai tsutsar sauro da ta baƙin ƙudan kogi, mai yaɗa cutar makantar kogi.

A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. 'Yar siririn mazari ita ma jela uku gare ta, amma nata masu faɗi ne kamar ganye, gefen cikinta sumul yake, kuma tana da dogon leɓe a naɗe ƙarƙashin kai wanda take cafke abinci da shi. Wanda ya ƙirga ta cikin masu jela uku zai ce ruwan lafiya lau, alhali waɗanda ake nema sun daɗe da tafiya.

A rubuta adadin kowane rukuni, a adana biyu ko uku daga kowanne a cikin sifirit, a sa 'yar takarda a cikin kwalbar da aka rubuta wuri da rana da fensir, saboda sifirit yana wanke tawadar biro. Sauran a mayar da su inda aka kamo su.

6. Sanin maganin da ke hannu

Kalmar "na halitta" tana nufin inda maganin ya fito ne kawai, daga ƙwayar bakteriya ko daga tsiro. Ba ta nufin ba ya kisa. Uku ne aka fi cin karo da su, kuma kowanne da yadda ake jiran illarsa.

Bti ƙwayar bakteriya ce da ake zubawa a ruwa don kashe tsutsar sauro da ta baƙin ƙuda. Sai tsutsa ta ci shi yake aiki: yana narkewa a hanjinta ya huda shi, ta mutu cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ba ya taɓa 'ya'yan mazari ko buzuzu kai tsaye, amma yana kashe wani sashe na jar tsutsar laka, wadda dangin sauro ce kuma abincin kusan kowa a cikin ruwan. An yi amfani da shi sosai a kogunan Afirka ta Yamma a shirin yaƙi da makantar kogi na 1974 zuwa 2002, wanda Nijar da Gana suna ciki, bayan da ƙudan ya fara jure maganin da ake fesawa a Kwaddebuwa a 1980. A fadamar Kamarg ta kudancin Faransa, inda aka fara fesa shi a 2006, masu bincike sun ga ƙananan ƙwari sun ragu har wani nau'in tsattsewa ya rage yawan 'ya'yan da yake rainowa, ko da yake a wasu wuraren ba a ga irin wannan ba. Kada a rikita shi da ɗan'uwansa da ake fesa wa tsutsar kabeji da masara, dukansu da Bt sunansu ya fara amma abin da suke kashewa daban.

Darbejiya, ko ruwan 'ya'yanta ko manta, tana hana ƙwaro ci kuma tana ɓata masa saɓa. Aikinta a hankali yake, don haka wanda ya duba bayan kwana biyu ya ga kowa na motsi bai ga komai ba tukuna. Manoma kan haɗa ta da garin sabulu don ta kama ganye, sabulun kuma shi kansa yana kashe ƙwarin ruwa. Idan haɗin da ake gwadawa yana da sabulu, sai an ƙara rukunin kwalabe na sabulu zalla.

Sifinosad daga wata bakteriyar ƙasa ake samo shi, yana kama jijiya, kuma a cikin ukun shi ne ya fi yi wa ƙananan halittun ruwa illa.

A duba lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar ƙasar da ake, da ranar lalacewa, da sunan sinadarin da ke ciki. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba ba a gwaji da ita.

7. Haɗa ruwan gwaji

Ƙidayar rafi tana nuna cewa wani abu ya faru. Gwajin kwalba ne yake nuna wanda ya yi. Ana raba kwalabe 16 gida huɗu, kowane gida kwalba huɗu: ruwa zalla, ruwa da gishiri, ruwa da magani, sai ruwa da gishiri da magani tare. Ruwan duka daga wurin farko na sama za a ɗebo shi, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kada a yi amfani da ruwan famfo, sinadarin tsabtace shi yana kashe ƙwarin.

Don gishirin, a narkar da giram 10 na gishirin miya a lita ɗaya ta ruwan, wannan shi ne uwar haɗi. Giram ɗaya a lita yana ɗaga na'urar da kusan 2,000, saboda haka mililita 50 na uwar haɗi a cikin mililita 950 na ruwa zai ƙara kusan 1,000. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana dubawa har lambar ta kai mafi girman da aka taɓa aunawa a bakin magudanar. Babu amfanin gwada gishirin da ya ninka na rafin sau goma, kowa ya san zai yi kisa.

Idan pH ya nuna kanwa ce, a yi uwar haɗin da kanwa maimakon gishirin miya, a bar ta ta kwanta a tsiyaye. A ganina ma abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ɗebo ƙasar gonar mai farar kumfa, daga gefen da ba a taɓa fesawa ba, a jiƙa ta kwana ɗaya, a tace, a yi amfani da ruwanta, domin shi ne gishirin da ƙwarin suke haɗuwa da shi.

8. Lissafin magani

A nan ne yawancin gwaje-gwaje suke lalacewa, domin mutum yakan ɗiga "ɗigo ɗaya kawai" a kwalba, bai san ya zuba ninkin abin da ke isa rafi sau hamsin ko fiye ba. Ga yadda ake yi, a misali. A ce takardar maganin ta ce lita 1 a kowace hekta. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, idan ruwa ya kwanta a kanta da zurfin santimita 10, ya zama lita miliyan ɗaya. Ke nan kowace lita 1,000 ta ruwa mililita 1 na magani take samu. Sirinji ba zai iya auna rabon lita ɗaya ba, don haka sai a sirka: a zuba mililita 1 na maganin a lita ɗaya ta ruwa, a girgiza sosai, sannan a ɗebi mililita 1 daga wannan a zuba a kowace lita ta ruwan gwaji. A sauya lambobin bisa abin da takardar ta faɗa da zurfin ruwan wurin.

A haɗa maganin a ranar da za a yi amfani da shi. Bti yana kwanciya a gindi, don haka a girgiza kafin kowane ɗiba, kuma sirinjin magani kada ya shiga kwalbar ruwa zalla.

Kwalabe biyun da suka rage na shaida ne. A zuba musu ruwa da magani, a sa tsutsar sauro ƙanana goma a kowace. Idan Bti ne kuma bayan kwana biyu suna nan suna wasa, maganin ya mutu tun a shago, galibi saboda zafi, kuma duk sakamakon sauran kwalaben ba shi da ma'ana.

9. Zuba ƙwari da lura

A zaɓi rukuni ɗaya a kowane zagaye, masu girma ɗaya, goma a kowace kwalba, wato 160. Jar tsutsar laka ta fi sauƙin samu da riƙewa, kuma ita ta dace da gwajin Bti. A sa mata yashi kaɗan da aka wanke a gindin kwalbar. Don gishiri, masu jela uku sun fi bayar da amsa, amma a ɗauko na kududdufi ko na gindin ciyawa, saboda na ruwa mai gudu suna mutuwa a kwalba don ƙarancin iska, sai idan akwai famfon iska irin na masu kifin ado. A bar su kwana ɗaya a bokiti su huce daga wahalar kamu, a zubar da waɗanda suka raunana, sannan a rarraba su ɗaya bayan ɗaya, kwalba bayan kwalba. Wanda ya cika kwalbar farko kafin ya koma ta biyu, ragwayen da suka fi sauƙin kamawa duk za su taru a gida ɗaya.

A jera kwalaben a ɗaki mai sanyi, ba a rana ba, a cakuɗa jerinsu, a rufe bakinsu da yadin raga don kada sauro ya ƙyanƙyashe ya fita. A ja layi a daidai fuskar ruwan kowace kwalba. A zafin bazara ruwan yana raguwa gishirin ya ƙaru, sai a riƙa cikawa zuwa layin da tataccen ruwa.

A duba bayan awa 24, da 48, da 96. Wanda aka taɓa da gashin kaza bai motsa ba cikin daƙiƙa 15, a ƙirga shi matacce a cire shi. Idan darbejiya ake gwadawa a ci gaba har kwana 10 zuwa 14, ana ba su ɗan ɓarɓashin abincin kifi daidai wa daida, ana kuma ƙirga ɓawon saɓa da waɗanda suka maƙale a cikinsa.

10. Karanta sakamako

A fara da kwalaben ruwa zalla. Idan fiye da kashi 20 cikin 100 sun mutu a cikinsu, gwajin ya ɓaci, a sake. Wannan ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bi a gwajin maganin tsutsar sauro. Idan mutuwar ba ta kai haka ba, a gyara lissafin: a cire kason ruwa zalla daga kason gidan da ake dubawa, a raba da abin da ya rage idan an cire kason ruwa zalla daga 100, a ninka da 100. Misali, 10 a ruwa zalla da 55 a gidan magani, sai ya zama 45 a raba da 90, wato kashi 50.

Sai babbar tambayar, ko haɗuwarsu ta fi muni. A ce gishiri kaɗai ya kashe kashi 20, magani kaɗai ya kashe 30. Idan kowanne aikinsa yake yi ba ruwansa da ɗan'uwansa, masu tsira za su zama kashi 80 cikin 100 na kashi 70, wato 56, matattu 44. Idan gidan haɗin ya ba da kusan 44, ba su ƙara wa juna ƙarfi ba. Idan ya kai 70, gishirin ya raunana ƙwaron har maganin ya fi cinsa. Yana kuma iya yin ƙasa da 44, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga maganin da sai an ci, domin tsutsar da gishiri ya dame ta takan rage ci. Kafin a yarda da kowane bambanci a duba kwalabe huɗun gidan ɗaya-ɗaya. Idan ɗaya ta ba da 9 sauran suka ba da 2, wani abu ne ya faɗa wa wannan kwalbar, a sake zagayen.

Daga nan a ɗora sakamakon a kan ƙidayar rafi. Masu jela uku sun ɓace a bakin magudana, jar tsutsa tana nan da yawa, lambar na'ura ta hau: gishiri ne abin zargi, ko ƙarancin iska idan ruwan yana wari. Jar tsutsa da tsutsar sauro sun faɗi kwana biyu bayan feshi, masu jela uku suna nan, lambar ba ta motsa ba: wannan sawun Bti ne, kuma a koma bayan mako biyu da huɗu a ga ko sun dawo, a kuma ga ko 'ya'yan mazari sun ragu a baya. Idan kuwa kowa da kowa ya mutu dare ɗaya har da buzuzu, a koma wurin masu gonakin a sake tambayar abin da ke cikin tankin.

11. Zubar da ruwan gwaji

Ruwan kwalaben kada ya koma rafi, haka ma ƙwarin da suka tsira daga gidajen magani. A haƙa ɗan rami nesa da rijiya da magudana a zuba, a rufe da ƙasa. Kwalaben shaida masu tsutsar sauro a fara zuba musu tafasasshen ruwa. Kwalaben gilashi a wanke su da sabulu, a ɗauraye sau uku, a shanya a rana kwana biyu kafin zagaye na gaba. Sirinjin magani kuma a karya shi a binne tare da ruwan, don kada yara su tsinta su yi wasan ruwa da shi.